Inshorar gidan haya a Legas: wanne ne na mai gida, wanne ne naka ɗan haya

Bara waccan gobara ta tashi a gidan da muke haya a Agege, irin gidan nan na fes-mi-ai-fes-yu, ɗaki goma, biyar nan biyar can, da dogon lungu a tsakiya inda kowa ke ajiye risho da bokitinsa. Kwana biyu ba mu ga wuta ba, sai wajen ƙarfe biyun dare NEPA suka kawo ta da ƙarfi, waya ta kama a cikin silin ɗakin ƙarshe, kafin mu farka hayaƙi ya cika lungun ba ka ganin tafin hannunka. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, amma ɗaki huɗu sun ƙone ƙurmus kafin motar kashe gobara ta samu hanyar shigowa layin. Wanda ya fi ba ni tausayi wani ƙanenmu ne ɗan Katsina mai saida kayan waya, wata biyar kacal da aure, kayan ɗakin amarya kaf, gado da katifa da kujeru da kwanuka da akwatunan lefe da aka ɗauko tun daga gida, ba abinda suka fita da shi sai kayan jikinsu.

Ashe Baba lanlod yana da inshora, ɗansa ne ya yi masa. Bayan kwana uku sai ga wani mutum ya zo da tef ɗin awo, yana auna bango yana ɗaukar hoton rufi da wayarsa. Yaron nan ya kamo hannunsa ya kai shi ɗakin, ya nuna masa ƙarfen gadon da ya lanƙwashe, yace oga ga tawa asarar a rubuta. Mutumin ya duba takardar hannunsa yace masa kayi haƙuri, gini kawai Baba ya yi wa inshora, abinda ke cikin ɗaki na mai ɗaki ne. Wallahi har yau ina ganin yadda yaron ya zauna a bakin kwata ya riƙe kai. Mun yi masa karo-karo a masallaci bayan isha'i, abinda aka tara da ƙyar ya sai katifa da tukwane biyu.

Tun daga ranar na shiga tambaya, na zauna da dillalan inshora, na karanta takardu har nima na yi tawa, shine nace bari in rubuta wa 'yan uwa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, masu haya da kuma waɗanda Allah ya hore wa suka gina suna ba da haya.

Abu na farko da zaka riƙe, gida ɗaya ne amma dukiya biyu ce a cikinsa. Bango, rufi, sili, ƙofa, taga, wayoyin wuta na cikin bango, famfo, tayil, katanga, get, duk wannan na mai gida ne kuma shi zai yi musu inshora. Katifa, firij, talabijin, fanka, janareta, keken ɗinki, kayan sawa, kayan kicin, wannan naka ne, in baka yi musu da kanka ba toh babu wanda ya yi maka. Kuma kamfani ba zai yarda kai ɗan haya ka yi wa ginin wani inshora ka karɓi kuɗin ba, haka shima lanlod ba zai karɓi kuɗin firij ɗinka ba, ƙa'idarsu ita ce sai abinda in ya lalace kai ne zaka yi asara. Akwai abu na uku da mutane basa tunawa, wato alhakin wani a kanka. Barandar gidanka ta rufto kan yaron maƙwabta, ko kai ɗan haya ka manta gas a kunne wuta ta cinye ɗakin na kusa da kai, wa zai biya? Wannan ma yana da tasa inshorar, kuma a ganina ita ce tafi komai muhimmanci a gidan yawa.

Kuma ba wai ganin dama bane. Dokar inshora ta 2003, sashe na 65, ta wajabta yin inshora ga ginin da jama'a ke amfani da shi saboda rushewa, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya, kuma a cikin abinda ta kira ginin jama'a har da gidan da ɗan haya ke zaune a ciki, tace inshorar ta haɗa da diyyar rauni ko mutuwa ko asarar dukiyar masu amfani da ginin. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin waccan amma bata ɗauke wannan wajibcin ba. Sannan dokar haya ta jihar Legas ta 2011, ta zamanin Fashola, ta lissafa abubuwan da ke kan mai gida, a ciki har da ya riƙe gidan da inshora, sai dai in yarjejeniyar hayarku ta faɗi wani abu daban. Kaga kenan in ka tambayi lanlod ko gidan na da inshora ba rashin kunya ka yi masa ba. Duk wanda ya ga abinda ya faru a Ita Faji cikin Legas Ailan a watan Maris na 2019, bene ya rufto da yara 'yan makaranta a sama da masu haya a ƙasa, ya san dalilin da yasa doka ta faɗi haka.

Nasan abinda ke ran da yawa daga cikinmu, inshora ba haramun bace? Ni ba malami bane, abinda na ji daga malamai shine mafi yawansu suna ganin inshorar kasuwa tana da garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kuma kuɗin ruwa, amma sun halatta ta taimakekeniya wato takaful. Yadda take, kowa yana zuba kuɗinsa a asusu ɗaya da niyyar tabarru'i wato kyauta don taimako, wanda musiba ta samu a ɗiba a ba shi, kamfani yana kula da asusun ne a kan lada, ba a juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa, in shekara ta ƙare akwai rara sai a raba wa waɗanda basu karɓi diyya ba. Kusan karo-karon da muka yi a masallaci ne, bambancin kawai an tara kafin wuta ba bayan wuta ba, kuma mutane dubbai ne ba sahu uku ba. A Sudan aka fara kamfani irin wannan a 1979, a nan Najeriya hukumar kula da inshora NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu akwai irin su Noor Takaful da hedkwatarsu ke nan Legas, da Jaiz Takaful da Salam Takaful. Masu cewa ai tawakkali ya isa, ku tuna Annabi SAW ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ni dai takaful na yi, raina ya fi kwanciya da ita, amma duk abinda zan faɗa a ƙasa ɗaya ne ko takaful ko ta kasuwa.

Bari in fara da masu gida.

Alhaji, kuskuren da ya fi cin masu gida shine adadin da suke rubutawa a matsayin darajar gini. Ba kuɗin da zaka saida gidan ake tambaya ba, domin a Legas babban kaso na kuɗin gida na fili ne, fili kuma baya ƙonewa. Abinda ake so shine nawa zai ci a sake gina shi daga tushe da farashin yau, da kuɗin kwashe ɓaraguzai da na injiniya. Wasu kuma sai su rage adadin da gangan don kuɗin shekara ya yi sauƙi, toh ga inda matsalar take. A ce gidanka zai ci miliyan 60 a sake gina shi, kai kuma ka rubuta miliyan 30, wuta ta yi ɓarnar miliyan 12. Zaka ce ai 12 bata kai 30 ba za a biya ni duka. Ina! Kamfani zai ce rabin darajar gidan ka rufe, saboda haka rabin asarar zasu ɗauka, miliyan 6, sauran ka cika daga aljihunka. Wannan sharaɗin yana cikin kusan kowace takardar gobara. Kuma kowa ya san yadda siminti da rodi da kwanon rufi suka tashi tun 2023, adadin da ka rubuta shekara huɗu da suka wuce yau ko linta ba zai kai ka ba. Don haka ka samu mai ƙiyasin gini ya yi maka lissafi a rubuce, sannan duk shekara in zaka sabunta ka sake duba shi.

Na biyu, kada ka tsaya a gobara zalla. Gobara zalla tana rufe wuta da tsawa da fashewar gas na girki, shikenan. Ka ce a ƙara maka ambaliya, iska mai ƙarfi, fashewar bututu ko tankin ruwa, mota ta kwace ta daki katanga, da kuma tarzoma da ɓarnar ɓata-gari. Wannan na ƙarshen dan Allah kada ka bari a tsallake shi. Mu da muke zaune a Ikko mun ga rikicin Mile 12 na 2016, mun ga abinda aka ƙona aka wawashe a watan Oktoba na 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS, kuma duk wanda takardarsa bata ambaci tarzoma ba toh bashi da abin nema. Ambaliya kuwa, in gidanka na wajen Agiliti, Owode, Isheri, Kara ko Ajegunle ta hanyar Ikorodu, kasan sau da yawa in aka saki ruwan madatsar Oyan kogin Ogun yana shigowa har ɗaki, haka ma Lekki da Ajah in ruwan Yuni da Yuli ya kankama. Ka faɗa musu gaskiya cewa ruwa ya taɓa shiga. Zasu iya ƙara maka kuɗi ko su sa sharaɗi, amma gara haka da ka ɓoye ranar biya su zo su ga tsohon layin ruwa a bango su ce ka yaudare su.

Na uku, asarar kuɗin haya. Gida ya ƙone, gyara zai ɗau wata takwas, ba mai biyanka ko sisi, wataƙila ma waɗanda suka biya shekara suna bakin ƙofarka suna neman ragowar kuɗinsu. Ana iya haɗa wannan a takardar, a biya ka hayar watannin da gidan baya zaunuwa har zuwa iyakar da kuka rubuta. Amma fa ka gane, ba inshorar ɗan hayan da ya ƙi biya bace, wannan maganar kotu ce.

Sai kuma wancan alhakin da na ambata. Da Baba lanlod ɗinmu ya haɗa da shi yadda doka tace, tunda wutar daga tsohuwar wayar cikin sili ta taso, da yaron nan ɗan Katsina yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko ba a biya shi duka ba da an saurare shi. Ka tambayi dillali ƙarara: in ɗan haya ko baƙo ya ji rauni ko ya rasu ko kayansa suka lalace saboda laifin ginin, takardar nan zata biya, kuma har nawa? Kuma ka faɗa musu ainihin abinda ake yi a gidan. In shagon gaba ana saida gas ko fetur a jarka, in akwai gidan burodi ko mai walda, in ka mayar da ƙasa sito, duk a rubuta. Sannan kasan inshora bata biyan tsufa da sakaci, rufin da ya shekara biyar yana yoyo ko bangon da ya tsage kana kallo ko ginin da hukumar kula da gine-gine ta Legas LASBCA ta riga ta sa wa jan fenti, wannan gyaranka ne ba nasu ba.

Yanzu mu masu haya, wanda mune muka fi yawa.

Tun kafin ka biya kuɗin ejan da na agrimen da koshin, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna, ka tambaya ko gidan na da inshora kuma ka ce a nuna maka satifiket ɗin ka duba sunan kamfani da ranar ƙarewa. Nasan neman ɗaki a Legas wahala ne, mutum biyar na bayanka da kuɗi a hannu, ba lallai ka fasa ɗakin don wannan ba amma aƙalla ka san matsayinka. Ka karanta agrimen ɗin ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka, domin wasu suna cusa layin da ke cewa duk ɓarnar gobara ko ruwa a kan ɗan haya take. Ka karɓi risit da sunanka, doka ma ta wajabta a baka, kuma shine shaidar cewa a nan kake zaune ranar da zaka nemi diyya.

Daga nan sai ka ware yamma ɗaya kai da uwargida ku yi lissafin abinda ke ɗakin. Zaka sha mamaki. Ni da na fara nace ai ba wani abin kirki muke da shi ba, sai da muka bi ɗaya bayan ɗaya, katifa, firij, talabijin, fanka biyu, ƙaramin janareta, silindar gas, keken ɗinkin maman yara, atamfofi da leshi na cikin akwati, shaddodina, kayan makarantar yara, na ga in aka ce in sake sayensu da farashin yau hayar shekara biyu ba zata isa ba. Ka rubuta kowanne da kuɗinsa na yanzu, ka ɗauki hoto, kayan wuta ka ɗauki lambar da ke bayansu, ka yi bidiyo kana zagaya ɗakin kana buɗe wadurof da akwati. Risit ɗin da kake da shi ka ɗauki hotonsa. Sannan kada ka bar su a wayar kaɗai, waya ma tana ƙonewa, ka tura wa kanka ta imel ko ka tura wa ɗan uwanka a gida ta WhatsApp kace ya ajiye.

Abinda zaka nema sunansa inshorar kayan cikin gida ta mazaunin gida, yawanci tana haɗa gobara da ambaliya da fasa gida a takarda ɗaya, kuɗinta na shekara ɗan kaso ne kaɗan na jimillar da ka rubuta. Ka tambaya a haɗa maka abu biyu. Ɗaya, kuɗin masauki na wucin gadi in ɗakin baya zaunuwa, domin mu sati uku muka yi muna raɓe a wajen 'yan uwa, mata a wani gida maza a masallaci. Biyu, alhakinka na ɗan haya. Mutane da yawa basu san cewa in wuta daga sakacinka ta taso, kamfanin lanlod zai iya biyan lanlod sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa, banda maƙwabtan da suma zasu ce kai ka jawo musu. Kuma ka tambaya ko sabo za a maye maka ko za a cire kuɗin tsufa, domin firij ɗin shekara shida in aka cire tsufa abinda zai rage ba zai sai sabo ba.

Ga wuraren da namu suka fi faɗawa. Kuɗi tsaba da ka ajiye a ƙarƙashin katifa, yawancin takardu basa biyansu ko kuma ɗan kaɗan ne, masu canji da 'yan kasuwar shanu ku ji da kyau. Gwal ɗin Hajiya yana da iyaka sai in an ambace shi daban da nauyinsa da risit. Kayan sana'a da ka jibge a ɗaki, buhunan wake ko dilar atamfa ko kwalayen caja, ba kayan gida bane, suna buƙatar tasu takardar. Mashin ko keke-napep da kake shigarwa lungu da dare shima baya ciki. Jarkokin fetur da ake tarawa a ɗaki saboda janareta zasu iya ɓata maka komai, banda hatsarin rai. NEPA ta kawo wuta da ƙarfi ta ƙona talabijin ba tare da gobara ta tashi ba, galibi ba a biya sai an ƙara sharaɗin musamman, ka tambaya.

Sata ma akwai magana. Abinda suke biya shine fasa gida, a ɓalle ƙofa ko a yanke bagila wato ƙarfen taga ko a shigo da makami. In ka bar ƙofa a buɗe ka tafi alwala aka ɗauke waya, ko ku shida ne a ɗaki wani a ciki ya ɗauka, ba zasu biya ba. Samarin da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, in za a yi takarda a sa sunan kowa da kayansa, kada a bar ta da sunan mutum ɗaya.

Sai babbar, wadda ta shafe mu 'yan arewa fiye da kowa: barin gida ba kowa. Mu ne masu kulle ɗaki mu tafi gida babbar sallah mu zarce da biki, ko mu tafi noma tun farkon damina sai an yi girbi. Takardun nan suna da sharaɗin cewa in gida ya wuce wasu kwanaki ba mai kwana a ciki, da yawa kwana 30 ne, toh wani ɓangare na kariyar ya tsaya musamman na sata. Ka nemo wannan layin ka karanta da idonka, in zaka daɗe ka sanar da su a rubuce kafin ka hau mota, ko ka bar ƙaninka yana kwana a ɗakin.

A wajen wa zaka saya? Ka tabbata kamfanin yana cikin jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi, jerin yana shafinsu na intanet. Banda na takaful akwai sanannu irin su Leadway, wanda a Kaduna ma aka kafa shi a 1970, da AIICO da AXA Mansard da Custodian da NEM. Zaka iya zuwa kai tsaye ko ka bi ta dillali mai rajista, ni na fi son dillali domin kamfani ne ke biyansa kamasho kuma ranar neman diyya shi zai tsaya maka. Ka karɓi farashi daga wuri biyu ko uku, amma kada ka kalli kuɗin kawai, ka kalli abinda aka cire da kuma kason farko na asara da kai zaka ɗauka da kanka kafin su fara biya, wani mai arha nasa kason babba ne. Kuɗi kuma ka tura asusun kamfani, kada ka ba wani a hannu ko ka tura asusun mutum, domin ƙa'ida a Najeriya ita ce in kuɗi basu shiga ba babu kariya, ko da takarda na hannunka. Fom ɗin da za a baka ka cike da kanka ko a karanta maka kowace tambaya da Hausa kafin ka sa hannu, in an tambaya ko ka taɓa yin gobara ko sata ka faɗi gaskiya. In cikakkiyar takardar ta zo ka duba sunanka da adireshi, lambar gida da lambar ɗaki, kuskure ɗaya a nan yana jawo jeka-ka-dawo na watanni.

In kuma Allah ya ƙaddara abin ya faru, rai tukuna, ka fitar da iyali ka kira 767 ko 112, lambobin gaggawa na jihar Legas ne kuma kyauta ne. Da zarar hankali ya dawo, a ranar ko washegari, ka kira kamfanin ko dillalinka sannan ka bi da saƙo a rubuce, kada ka ce sai an gama jaje, takarda tana da wa'adin sanarwa. Ka ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai. Mu a gidanmu washegari da safe mata suka share suka kwashe ƙonannun kaya 'yan bola suka tafi da su, da akwai mai inshorar kaya a cikinmu da shaidarsa ta tafi a baro. Abinda zaka iya cetowa ka cece shi, ka rufe inda ruwa zai ƙara ɓatawa, amma kada ka fara gyara sai mai tantance asara ya zo ya gani. Gobara ce, ka nemi rahoton hukumar kashe gobara. Fasa gida ne, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda. Ka fito da lissafin nan da hotunan da ka tura gida, ka haɗa da ƙiyasin gyara.

Kuma dan Allah kada ka ƙara ko cokali a kan abinda ka rasa. Wani zai baka shawara wai ka ninka tunda zasu rage, kada ka ji, haram ne, a takaful ma kuɗin 'yan uwanka ne kake ci, kuma in suka kama ƙarya ɗaya suna da damar soke neman gaba ɗaya har da na gaskiyar. In sun kawo tayinsu za su baka takardar sallama ka sa hannu, ka karanta adadin da kyau domin sa hannu na nufin ka yarda magana ta ƙare. Bai yi maka ba, ka ce a baka lissafin a rubuce, ka mayar da martani da hujja. In ana ta ja maka rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ka rubuta musu da lambar takardarka da kwafin duk saƙonnin da kuka yi.

Takardar shekara ɗaya take yi, rana ɗaya ta wuce ba a sabunta ba kamar baka taɓa yi ba ne, don haka ka sa tunatarwa a waya wata guda kafin ranar. In ka tashi daga gidan ka sanar da su sabon adireshi tun kafin ka kwashe kaya, in ka sai sabon firij ko aka kawo kayan amarya ka kira a ƙara. A gidan da muke yanzu, a mitin ɗin ƙarshen wata da ake maganar kuɗin shara da na mai gadi na kawo zancen, keyateka ya kai wa lanlod, mu shida muka kira dillali ɗaya ya zo ranar Asabar ya zauna a kan benci a tsakar gida ya cike wa kowa fom ɗinsa, ni nake fassara wa waɗanda basa jin Turanci. Yaron nan ɗan Katsina da na kira shi ya taso tun daga Idi-Araba inda suka koma, lissafin kayansu yana rubuce a bayan littafin bashi na shagonsa, matarsa ce ta rubuta da hannunta har da lambar bayan fanka.